Kafin makarantarku ta sayi fitilun LED na dandamali: Abubuwan da ya kamata a duba

A ƙarshen zangon karatun bara na halarci bikin yaye ɗalibai da raba kyaututtuka a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kano, inda 'yar yayata ke karatu. Ɗaliban sun shafe makonni suna gwajin wasan kwaikwayon da za su gabatar, ita kuma an ba ta matsayin uwargida.

Makarantar ta yi ƙoƙari. Daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai aka sayo sababbin fitilu, aka jera wasu a ƙasa a bakin dandamali, aka rataye wasu a bangon baya. Da aka rufe tagogi aka fara wasa, sai fitilun suka kama aikinsu: ja, kore, shuɗi, suna zagayawa kamar ana kamun amarya.

Yayata tana zaune a layin baya. Ba ta gane 'yarta ba sai da yarinyar ta buɗe baki ta yi magana, saboda fuskarta ta koma kore, idanunta sun nutse cikin inuwa. Bidiyon da ta ɗauka da wayarta don tura wa mahaifin yarinyar kuwa, baƙaƙen layuka ne ke ta gangarowa a cikinsa.

Kuɗin ba su yi kaɗan ba. Abin da ya faru shi ne an sayo kayan gidan biki aka kawo su ɗakin wasan kwaikwayo.

Makarantu da dama na shirin yin irin wannan sayayya, kuma abu ne da ake yi sau ɗaya a shekaru masu yawa. Tambayar farko da ya kamata kwamitin saye ya yi wa kowace fitila ita ce: shin mahaifin da ke zaune a kujerar ƙarshe zai ga fuskar ɗansa sarai? Duk sauran abubuwa suna bayan wannan.

Me ya sa ake komawa LED?

Shekaru da dama, fitilun dandamali masu ƙwan halojin ne. Wadda aka fi sani, PAR 64, takan ci wat 1,000 ita kaɗai. Irin wannan ƙwan yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi, haske kaɗan ne ke fita. Ƙwan kuma kan mutu bayan 'yan ɗaruruwan sa'o'i.

Lamarin ya sauya ne bayan da masana kimiyya uku daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990. Daga shi aka samu farin hasken LED da muke amfani da shi a gidaje a yau, kuma aikin ya ba su kyautar Nobel a 2014.

Ga makarantar Najeriya, lissafin a bayyane yake. Fitilu 12 na tsohon yayi za su ja wat 12,000, wanda ya fi ƙarfin janaretan yawancin makarantu. Fitilun LED 12 masu cin wat 150 kowace kuwa, wat 1,800 ne jimilla.

A taron sa'o'i uku, tsofaffin za su cinye yunit 36 na wuta, sababbin yunit 5.4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit. A wancan farashin, bambancin ya kama tsakanin Naira 8,100 da Naira 1,215. Idan da janareta ake aiki, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane shugaban makaranta ya san abin da hakan ke nufi.

Akwai kuma zafi. Yaron da ke tsaye a dandamali cikin babbar riga da rawani a watan Afrilu ba ya buƙatar wata wuta a saman kansa.

Don haka babu gardama kan komawa LED. Gardamar tana kan wace iri.

Fitilar biki daban, ta wasa daban

Fitilun da suka fi yawa a shagunan kayan sauti, daga kasuwar Alaba ta Legas har Sabon Garin Kano, an ƙera su ne don masu kiɗan biki. Yawancinsu suna da ƙananan ƙwayaye masu launi uku: ja, kore da shuɗi, waɗanda ake rubutawa RGB a jikin kwali.

Idan aka kunna ukun tare, ido zai ga kamar fari ne. Amma farin jabu ne, domin akwai launuka da yawa a tsakani da babu su a cikinsa. Da ya sauka a fatar mutum sai ta yi toka-toka ko ta ɗauki wani launi daban, atamfa mai ruwan goro ta koma kamar ta koɗe.

Akwai ma'aunin da ke nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya. Ana kiran sa CRI, kuma iyakarsa 100. Hasken rana da tsohon ƙwan halojin suna kusa da 100. Fitilar da za ta haska fuska, a nemi mai 90 ko fiye. Idan takardar fitilar ta nuna wata lamba mai suna R9, a duba ta, domin ita ke nuna yadda fitilar ke fito da ja mai duhu, wanda shi ke sa fatar mutum ta yi kyan gani.

Wannan ya fi shafar mu. Fata mai duhu ba ta mayar da haske da yawa kamar farar fata, sannan yaranmu kan hau dandamali da farin yunifom, farin hijabi ko farar shadda. Tufafin sai su yi ta walƙiya, fuskar ta ɓace. Maganinsa shi ne haske mai inganci da aka saita kai-tsaye a kan fuska, tare da labule mai duhu a baya maimakon farin bango.

Lamba ta biyu ita ce ta ɗumin haske. Fitila mai 3200K haskenta na da ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, mai 5600K kuwa fari ne fat irin na tsakar rana. Ga zauren da ake rufewa ya yi duhu, 3200K ta fi dacewa da fuska. Idan kuma taron na rana ne kuma haske na shigowa ta tagogi, kamar yadda yake a yawancin makarantun jeka-ka-dawo, fitilar da ake iya sauya ɗuminta tsakanin lambobin biyu ta fi amfani.

Masu launi ma suna da wurinsu. Amma a nemi waɗanda aka ƙara wa fari, ko fari da ruwan zuma, wato masu rubutun RGBW ko RGBWA, a kuma ajiye su don bango da saman kai.

Iri uku da ya kamata a sani

Ta farko ita ce PAR. Ita ce mafi araha, aikinta watsa haske a fili. Ba a iya yi wa haskenta iyaka sosai, don haka ta fi dacewa da cika dandamali da launi.

Ta biyu ita ce Fresnel, wadda ta samo sunanta daga Augustin Fresnel, injiniyan Faransa da ya ƙera irin gilashinta a shekarun 1820 don hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Haskenta na da laushi a gefe, ana iya faɗaɗa shi ko tsuke shi, kuma tana da marafa huɗu a baki da ake karkatarwa don hana haske zuba inda ba a so. Ga ƙaramin zaure, ita ce ta fi komai amfani.

Ta uku ita ce doguwar nan da masu sana'ar ke kira furofayil. Tana jefa haske daga nesa, tana kuma da wuƙaƙe a ciki da ake yanka hasken da su, ya tsaya daidai kan mumbarin mai jawabi ko ƙofar da ɗan wasa zai shigo. Shahararriyar cikinsu ita ce Source Four ta kamfanin ETC na Amurka, wadda ta fito a 1992, kuma yanzu akwai samfurinta na LED. Tana da tsada, amma akwai kamfanoni da yawa da ke yin irinta.

Akwai ta huɗu da mai shago zai fi son ya sayar muku: mai juya kai da kanta. Tana burgewa, amma tana da injina da bel a ciki, ga tsadar gyara. Makarantar da ba ta riga ta haska fuskokin yaranta ba, ba ta da hurumi da ita.

A auna zaure kafin a je kasuwa

Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane. Kafin a tambayi farashi, a ɗauki tef a auna abu uku: faɗin dandamali, zurfinsa, da nisan da ke tsakanin inda za a rataye fitila da inda ɗan wasa zai tsaya.

Dalili shi ne kowace fitila tana da faɗin haskenta, ana rubuta shi da digiri. Daga nisan mita shida, fitila mai digiri 25 za ta haska da'ira mai faɗin kusan mita 2.7. Mai digiri 40 za ta haska kusan mita 4.4, amma hasken zai fi rauni tunda ya bazu. Haka kuma idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin hasken da ke isa fuska yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Inda za a rataye fitilar ma na da ƙa'ida. A 1932 Stanley McCandless, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, ya wallafa tsarin da har yau ake koyarwa. A raba dandamali gida-gida. Kowane gida a haska shi da fitilu biyu daga gaba, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowace tana saukowa daga sama a karkace, kimanin digiri 45.

Idan fitila ta yi sama da yawa, idanu za su shige inuwa, musamman ga mai hula ko rawani. Idan ta yi ƙasa da yawa, za ta kashe wa yaro ido ta kuma jefa ƙatuwar inuwarsa a bango. Jera su a ƙasa, kamar yadda aka yi a bikin da na halarta, shi ne mafi muni.

A misali, dandamali mai faɗin mita takwas da zurfin mita biyar za a iya raba shi gida shida, uku a gaba uku a baya. Fitilu 12 ke nan na fuska. Sai a ƙara uku ko huɗu daga sama ta baya, waɗanda ke haska kafaɗa da kai don raba ɗan wasa da labule.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ku

Za ku ga an rubuta 18x10W a jikin kwali, mai shago ya ce wat 180 ce. Wannan lissafin iyakar abin da ƙwayayen za su iya ɗauka ne. Sau da yawa masu arahar ba sa cin ko kusa da haka, haskensu ma bai kai ba.

Wat ma'aunin cin wuta ne. Abin da ke nuna haske shi ne lamba mai suna lux, tare da nisan da aka auna ta. Kamfanin kirki yakan buga jadawalin da ke nuna lux nawa fitilar ke bayarwa a mita uku, biyar ko goma. Fitilar da babu wannan bayani a takardarta, a yi hattara da ita.

Haka batun sa'o'i 50,000 da ake yawan rubutawa. Wannan hasashe ne na lokacin da hasken ƙwayayen zai ragu zuwa kimanin kashi 70 cikin 100. Abin da ke fara mutuwa a zahiri shi ne fanka ko allon da ke karɓar wuta. Kuma LED ba kamar tsohuwar fitila ba ce da za a cire ƙwai a sa sabo. Don haka a tambayi mai shago: akwai kayan gyaranta? Wa ke gyarawa a garin nan? Garantin wata nawa ne, kuma a rubuce yake?

Ƙura, zafi da ƙarar fanka

LED ba ta jefa zafi gaba, amma bayanta na ɗaukar zafi, kuma zafi ne babban maƙiyinta. Shi ya sa ake sa mata fanka. A zauren da ke da rufin kwano, a lokacin bazara, saman silin ya fi ko'ina zafi.

Fanka na da matsala biyu. Na farko ƙara. A gidan biki ba wanda zai ji, amma a lokacin da ɗaliba ke karatu a musabaƙar Alƙur'ani ko yaro ɗan aji ɗaya ke faɗin layinsa babu makirufo, fankoki 12 na iya danne muryarsa. Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka za ta yi ta zuƙar ƙurar hunturu tana tarawa a ciki har fitilar ta shaƙe.

A jikin takarda akwai lambar IP. Mai IP20 a buɗe take, ƙura na shiga. Mai IP65 a rufe take ruf, ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya yi mata illa, kuma da yawa daga cikinsu ba su da fanka. Ta fi nauyi da tsada, amma ga makarantar da zaurenta ba ya rufuwa sosai ko take yin taro a fili, kuɗin bai tafi a banza ba. Idan masu fanka aka saya, a sa a jadawalin makaranta a riƙa sauke su ana busa ƙurar duk ƙarshen zango.

Wa zai sarrafa su?

Fitilun dandamali suna karɓar umarni ne ta wani tsari mai suna DMX512, wanda aka fito da shi a Amurka a 1986. Waya ɗaya ce ke fita daga na'urar sarrafawa ta shiga fitila ta farko, daga nan ta wuce ta biyu, har zuwa ta ƙarshe. Layi ɗaya na ɗaukar tashoshi 512, kuma ƙa'ida ita ce kada a wuce na'urori 32 a jere ɗaya.

Kowace fitila ana ba ta adireshi. Idan kowace na cin tashoshi takwas, ta farko za ta fara daga 1, ta biyu daga 9, ta uku daga 17. A bakin ta ƙarshe ana toshe wani ɗan marfi mai ohm 120 don hana saƙon rikicewa. Wayar makirufo tana shiga ramin, amma ba don wannan aiki aka yi ta ba, kuma a dogon layi ita ke sa fitilu su riƙa ƙyaftawa ba dalili.

Ba sai an sayi babbar na'ura ba. Akwai manhajar kyauta mai suna QLC+ da ake sa wa a kwamfutar makaranta, a haɗa ta da fitilu ta wani ɗan akwati mai shiga ramin USB. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sa a cikin yarjejeniyar saye cewa wanda ya kafa kayan zai koya wa malami ɗaya da ɗalibai aƙalla biyu, ya kuma bar takardar da ke nuna adireshin kowace fitila.

Wannan ma karatu ne. Wasan kwaikwayo ya daɗe a makarantun Arewa, ɗalibai da yawa sun karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Masana'antar Kannywood kanta daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta tsiro, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990. Yaron da ya iya saita haske tun yana sakandare ya fita da sana'a a hannu.

Wuta da lafiyar yara

Idan zauren na da tsohuwar na'urar rage hasken fitilun halojin, kada a jona LED a jikinta. Irin waɗannan fitilu suna son cikakkiyar wuta ne kai-tsaye, su rage haskensu da kansu ta umarnin DMX. Jona su a tsohuwar na'urar na iya ƙona su.

Yawancinsu suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, amma hakan bai kare su daga wutar da ke dawowa da ƙarfi ba, ko tsallen da ake samu lokacin sauyawa daga Nepa zuwa janareta. A ware musu layinsu da makashinsu, a sa na'urar kariya daga hauhawar wuta, a kuma tabbatar akwai wayar da aka binne a ƙasa, domin jikin fitilun ƙarfe ne kuma yara ne za su taɓa su. Soket ɗaya mai amfiya 13 bai wuce ɗaukar wat 3,000 ba.

Kowace fitila da ke sama tana buƙatar maƙalin ƙarfe, sannan da wayar ƙarfe ta biyu da za ta riƙe ta idan maƙalin ya kwance. Ba a ɗaure fitila da igiya ko wayar ɗaurin rodi, ba a kuma rataye ta a katakon silin. A sa magini ko injiniya ya duba ƙarfen da zai ɗauki nauyin.

Haske mai walƙiya da sauri kuma na iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. A taron yara, a kashe wannan tsarin gaba ɗaya.

Gwajin minti goma a shago

Gani ya kori ji. Kada kwamiti ya yi cinikin biri a sama ta hoton WhatsApp. A je shago da ɗalibi ɗaya sanye da yunifom, da ƙyallen atamfa mai launuka, da wayar hannu.

A tsayar da ɗalibin a nisan da aka auno daga zaure, a kunna farin haske a dubi fuskarsa da atamfar. A sa mai shago ya rage hasken a hankali har ya mutu. Fitilar kirki takan dushe sannu a hankali, mai araha kuwa takan yi tsalle-tsalle sannan ta ɗauke farat ɗaya.

Sai a ɗauki bidiyo lokacin da hasken ke ƙasa-ƙasa. LED na rage haske ne ta hanyar kunnuwa da mutuwa da saurin da ido ba ya gani, amma kyamara na gani. Idan layuka suka fito a allon waya, haka za su fito a wayar kowane mahaifi. Daga nan a nemi a kashe kiɗan shagon a saurari fanka. A ƙarshe a kunna guda biyu iri ɗaya a bango ɗaya, a ga ko farinsu ya zo daidai.

Idan kuɗin bai isa ba

Araha ba ta ado. Gara fitilu shida na kirki da guda 20 na biki. A shekarar farko a kashe kuɗi kan ƙarfen ratayewa, wayoyi, kariyar wuta, da fararen fitilu shida da za su haska gidaje uku na gaban dandamali. Da su kaɗai za a yi muhawara, kacici-kacici, musabaƙa da wasan kwaikwayo lafiya lau.

A shekara ta biyu a ƙara na gidajen baya da na saman kai. Masu launi su zo a ƙarshe. Makarantar da ta riga ta sayi na biki kuma ba ta yi asara duka ba: a ɗauke su daga ƙasa, a kashe musu tsarin juya launi da kansu, a mayar da su kan labulen baya, sannan a nemo fararen da za su haska fuska.

Shawarar da na bai wa yayata ke nan ta kai taron iyaye da malamai. Bana ƙanwar yarinyar ce za ta hau dandamalin, kuma mahaifiyar ta ce a layin baya za ta sake zama don ta gani da idonta.